Ranar Al'adu a jami'a: haɗa kai take yi ko ware kai?

Da wuya ka sami jami'a a yau da ba ta keɓe rana ɗaya ko mako guda a shekara domin ɗalibai su ajiye littafi su fito da kayan gado ba. A kafa rumfuna, kowace ƙungiya da tata, a ci ado, a yi kiɗa da rawa, shugaban jami'a ya zo ya yi jawabi kan zaman tare, masu ɗaukar hoto su samu abin da za a ƙawata takardun tallar makaranta da shi. Rana ce mai daɗi, ni ma ina sonta. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, wataƙila don kada a ce mutum ya zo ɓata wa jama'a rai: washegari, bayan an kwashe kujeru, ɗaliban sun ƙara sabawa da juna ne, ko kuwa kowa ya ƙara gane inda nasa suka tsaya da inda bare suka fara?

Abin da ya sa amsar take da wuya shi ne bikin ayyuka biyu yake yi a lokaci guda. Yana tara 'yan gida ɗaya wuri ɗaya, yana kuma buɗe ƙofarsu ga wanda ba nasu ba. Masu shirya shi sukan ɗauka aikin farko shi zai haifi na biyu da kansa. Tarihi da bincike duka sun nuna ba dole ba ne.

A fara da dalilin da ya sa ɗalibi yake neman nasa tun farko. Yaro ko yarinya 'yan shekara 18 sun bar gida, sun faɗo cikin dubban mutanen da ba su san su ba. Ba su san ofishin da ake biyan kuɗi ba, ba su san malamin da ake kiyaya ba, wani lokaci ma harshen da ake koyarwa da shi ba shi suke mafarki da shi ba. Cikin wannan ruɗani sai wani ya ji lafazinsu a layin rajista ya juyo ya gaishe su da harshen gida. Daga nan an sami mai nuna hanya, mai ba da aron tsofaffin takardun jarrabawa, mai raka mutum asibiti da tsakar dare. Masanin ilimin zamantakewa Vincent Tinto ya nuna tun 1975 cewa ɗaliban da suke barin jami'a ba tare da sun kammala ba, sau da yawa rashin samun wurin zama a cikin jama'ar makarantar yana daga abin da ke korar su, ba wuyar karatu kaɗai ba. Ga shi kuwa masu wannan buƙata kullum ƙaruwa suke yi. Ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kusan miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa sama da miliyan 200, masu karatu a wajen ƙasarsu kuma daga kusan miliyan 2 zuwa sama da miliyan 6. Da yawansu su ne na farko a zuriyarsu da suka taka jami'a.

Wannan ba sabon abu ba ne, tare da jami'a aka haife shi. A Azhar ta Alƙahira, ɗalibai sun shafe ƙarnuka suna zaune a ruwaƙai, wato sassan masaukin ɗalibai, bisa ƙasashen da suka fito: na mutanen Magrib, na Shamawa, na Turkawa, na Barno da sauransu. Kowane ruwaƙi da shehinsa, da dukiyar waƙafi da ake ciyar da ɗalibansa, manyan cikinsu har da ɗakin littattafai. A Jami'ar Faris ta ƙarni na 13, an kasa ɗaliban sashen ilimin share fage gida huɗu da ake kira al'ummai: ta Faransa, ta Normandi, ta Pikardi da ta Ingila, wadda ta haɗa har da Jamusawa da mutanen arewacin Turai. Waɗannan ƙungiyoyi ba don ado aka kafa su ba. Su ke tsaya wa ɗalibi idan ya shiga hannun hukuma, su ke binne shi idan ya mutu a baƙunta, kuma kowace tana da ranar bikinta.

Tun a wancan lokaci ma an ga ɗaya fuskar. Wani malamin coci mai suna Jacques de Vitry ya rubuta irin baƙaƙen maganganun da ɗaliban Faris suke jifan juna da su: Ingilishi mashaya ne, Faransawa masu girman kai, Jamusawa masu zafin zuciya, kuma daga cacar baki akan kai ga dambe. Amma misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na Jami'ar Prague, a ƙasar Czech ta yau. Jami'ar tana da al'ummai huɗu, kowace da ƙuri'a ɗaya a harkokin mulki, kuma uku daga ciki Jamusawa ne suka fi yawa. A watan Janairun 1409 Sarki Wenceslas na Huɗu ya juya lissafin, ya ba 'yan ƙasa, wato mutanen Bohemiya, ƙuri'a uku, sauran ukun kuma su haɗu a kan ɗaya. Ɗaruruwan malamai da ɗalibai suka tattara nasu ya nasu suka fice, kuma kafin shekarar ta ƙare wasunsu sun kafa Jami'ar Leipzig.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Prague sun yi shekaru da dama suna zaune da bambancin harshe da na ɗabi'a. Abin da ya fasa jami'ar shi ne ranar da aka taɓa rabon iko. A ganina nan ne asirin lamarin yake har gobe. Muddin ƙungiyar asali tana taimakon 'ya'yanta da raya abin gadonta, ba ta cutar da kowa. Ranar da ta zama ma'aunin da ake raba kujeru da kuɗi da shi, ta koma jam'iyya, bikinta kuma ya koma gangamin nuna yawa.

Wanda ya taɓa zama a taron kwamitin shirya irin wannan biki ya san abin da nake nufi. Awa guda za a yi ana maganar kayan sauti da rumfuna cikin raha. Da an zo kan jerin masu hawa dandamali sai murya ta sauya. Wa zai buɗe, wa zai rufe? Ƙungiyar da take da mutum ɗari biyar ta ce ba za a ba ta minti goma daidai da mai mutum ashirin ba. Mai mutum ashirin ta ce ai al'ada ba a auna ta da yawan kai. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce su fa ba reshen waɗancan ba ne, harshensu daban, rumfarsu suke so. Idan kuma an sa kofi ga wadda ta fi burgewa, to an gama, domin duk wanda alƙalai suka zaɓa, saura za su fita suna lissafin asalin alƙalan. Sannan ga zaɓen ƙungiyar ɗalibai yana tafe, 'yan takara suna zagaya rumfuna, kowa da hular mutanen da yake neman ƙuri'arsu.

Kada wannan ya sa a raina bikin. Da yawa daga cikin ranakun da ake yi yau cikin nishaɗi, da gwagwarmaya aka samo su, wasu ma da jini. Ranar 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka buɗe wuta kan ɗaliban Jami'ar Dhaka, a Gabashin Pakistan na lokacin, wato Bangladesh ta yau, da sauran masu zanga-zangar neman a amince da harshen Bengali a matsayin harshen hukuma a Pakistan, inda aka so a tsayar da Urdu shi kaɗai. An kashe mutane. A 1956 tsarin mulkin ƙasar ya amince da Bengali, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta mai da ranar ta zama Ranar Harshen Uwa ta Duniya. A Amurka, ɗalibai baƙar fata da 'yan asalin Asiya da Latin Amurka da 'yan asalin ƙasar na kwalejin gwamnati ta San Francisco sun yi yajin karatu na kusan wata biyar daga Nuwamban 1968, abin da ya haifar da tsangayar farko ta nazarin al'ummomi a ƙasar. Watan tarihin baƙar fata, wanda Carter G. Woodson ya faro a matsayin mako guda a 1926, ɗalibai da malamai baƙar fata na Jami'ar Kent State ne suka fara yin sa wata cur a Fabrairun 1970, kafin gwamnati ta amince da shi a 1976. Ga ɗalibin da bai taɓa ganin sunan mutanensa a littafin makaranta ba, minti goman nan a kan dandamali shaida ce a bainar jama'a cewa yana nan kuma yana da tushe. Wanda al'adarsa ce ta cika gari ba zai gane nauyin wannan da sauƙi ba.

Akwai kuma misalin da ke rushe zaton cewa ƙungiyar asali kishiyar haɗin ƙasa ce. A Indunusiya zamanin mulkin Holan, matasa 'yan makaranta sun kafa ƙungiyoyi bisa yankuna da ƙabilu: ta Jawa, ta Sumatra, ta Ambon, ta Batak, ta Sulawesi. Waɗannan ne suka taru a Batabiya, wato Jakarta ta yau, suka yi alkawarin ranar 28 ga Oktoban 1928 na ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, da harshen haɗin kai ɗaya. Harshen da suka ɗauka kuwa ba na Jawawa ba ne duk da su ne mafiya yawa, sai harshen Malay da ake ciniki da shi a tashoshin ruwa. A cikin ƙananan ƙungiyoyinsu suka koyi shirya taro da jayayya da rubuta matsaya, sannan suka kai wannan gwaninta babban zaure. Abin da ya bambanta su da mutanen Prague shi ne suna da aikin da babu ƙungiyar da za ta iya ita kaɗai.

Binciken zamani bai saɓa wa wannan ba. Jim Sidanius da abokan aikinsa sun bi sawun ɗaliban da suka shiga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a 1996 har suka kammala, suka fitar da sakamako a 2004. Sun gano cewa shiga ƙungiyar asali yana ƙara wa ɗalibi alfahari da tushensa, amma yana ƙara masa jin cewa ana zaluntar mutanensa, da ganin cewa ribar wata al'umma asarar tasa ce. Ƙungiyoyin zumunci da fararen fata suka fi yawa a ciki ma an ga irin wannan tasiri a kansu. Mutum zai iya cewa, to idan zaluncin gaskiya ne fa? Ai ƙungiyar ido ta buɗe masa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma binciken bai kore ta ba. Abin da ya tabbatar dai shi ne tara 'yan gida ɗaya ba shi ne sada su da maƙwabta ba.

Me ke sada su? A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya ce cuɗanya tana rage ƙyama, musamman idan an cika sharuɗɗa huɗu: mutanen su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aikin tare ba gasa ba, hukuma kuma ta mara musu baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 suka ga mafi yawansu sun gaskata cewa cuɗanya na tafiya da raguwar ƙyama. To a ɗora Ranar Al'adu yadda aka saba yin ta a kan wannan sikeli. Goyon bayan hukuma akwai. Matsayi ɗaya, wataƙila. Amma buri ɗaya da aiki tare fa? Kowace ƙungiya ta yi makonni tana atisaye ita kaɗai a bayan ƙofa, ta fito ta yi nata, 'yan'uwanta su yi shewa, da ta sauka su tashi su bi ta waje domin ɗaukar hoto. Ƙungiyar da aka sa a ƙarshe kujeru take yi wa rawa. Kallo ba cuɗanya ba ne. Mutum zai iya tafa wa rawar wasu mutane da rana, da dare ya ƙi yarda a haɗa shi ɗaki da ɗansu.

Maganar ɗaki kuwa ita ce ta fi ba da mamaki. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda ake raba wa wasu sababbin ɗalibai abokan ɗaki ba tare da zaɓinsu ba, masu bincike Lucia Corno da Eliana La Ferrara da Justine Burns sun gano cewa fararen ɗaliban da suka zauna da baƙar fata sun rage mugun zato a kansu, sun kuma ƙara abokai masu wani launin fata. Baƙar fatar da aka haɗa da farare makinsu ya ƙaru, na fararen kuma bai ragu ba. Ba kiɗa, ba jawabi. Wata da watanni ne na jayayya kan kashe fitila da aron caja, da ganin mutum ranar da ya faɗi jarrabawa.

Sai kuma tambayar abin da ake nunawa a dandamalin. Al'ada abu ce mai faɗi: yadda ake renon yaro, yadda ake sasanta rigima, yadda ake makoki, abin da ake jin kunyarsa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga minti goma. Abin da ke shiga shi ne abin da ido ke gani, tufafi da rawa da kayan kiɗa, kuma galibi a siffarsu ta ƙauyen da aka ƙawata a zuci. Sai ka ga ɗalibar da take karatun haɗa magunguna, wadda a birni aka haife ta, an ɗora mata tulu a ka tana kwaikwayon rayuwar da ko kakarta ta bari. Herbert Gans ya bayyana irin wannan a 1979 game da jikokin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka: asalin da ake sawa ranar biki a cire da yamma, wanda ba ya neman komai daga mai shi. Ba na ganin laifin wannan, domin sau da yawa daga adon ne mutum yake fara tambayar iyayensa. Kuma abin da ake kira na gargajiya ba kullum yake da tsufan da ake zato ba. Zanen yadin da kowace zuriya a Sikotilan take alfahari da nata a yau, yawancin rabonsa zuriya zuriya a farkon ƙarni na 19 aka tsara shi, musamman a kusa da ziyarar Sarki George na Huɗu zuwa Edinburgh a 1822. Hakan bai hana su ƙaunarsa ba.

Inda abin yake ciwo shi ne lokacin da siffar dandamali ta zama ma'aunin wane ne ɗan asali. Ka tsaya kusa da teburin rajistar wata ƙungiya. Yaro ya zo ya faɗi sunansa, aka yi masa magana da harshen gida, ya amsa da lafazin wanda ya tashi a wani wuri. Aka yi dariya, wani ya ce, "Kai ai namu ne na takarda." Ba da mugunta aka faɗa ba, amma ba zai dawo ba. Ga wadda mahaifinta daga nan, mahaifiyarta daga can, kowace rumfa tana ganin ta rabin baƙuwa. Ga ƙaramar al'ummar da aka cusa ƙarƙashin sunan babbar maƙwabciyarta don a taƙaita jerin masu wasa. Bikin da aka shirya don girmama bambanci yakan danne bambancin da ke cikin kowace ƙungiya, saboda dandamali fuska ɗaya yake so daga kowa. Galibi kuma 'yan mata ne ke kwana suna aikin girki da ɗinki da kwalliya, samari su hau su karɓi lasifika.

Wasan barkwanci da sanya kayan wasu, nan ma ana yawan yin tuntuɓe. Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan masu abin ne suka gayyace ka, suka ɗaura maka da hannunsu, suka gaya maka ma'anarsa, girmamawa ce. Idan kai ka ƙirƙiro su daga abin da ka ji ana faɗa, kana karya harshe don a yi dariya alhali suna zaune suna kallo, sunansa ba'a ko da ba haka ka nufa ba.

Hukumomin jami'a suna son wannan rana, kuma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane dalili: ita ce hanya mafi arha ta nuna an damu. Kuɗin rumfa da lasifika ba su kai albashin malami ɗaya na sashen harsuna ba. Jami'a za ta iya tafa wa harshe a dandamali alhali babu kwas ɗaya da ake koyar da shi, babu littafi ɗaya nasa a laburare. Ɗaliban Cape Town da suka tilasta aka cire gunkin Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Birtaniya, daga harabar jami'arsu a watan Afrilun 2015 ba ranar rawa suke nema ba. Tambayarsu ita ce wa ke koyarwa, me ake koyarwa, kuma wa makarantar take ɗauka a matsayin ɗan gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Mayu don bambancin al'adu, bayan sanarwar UNESCO ta 2001, kuma sunan ranar ya haɗa da tattaunawa da ci gaba. Rabin sunan nan ne aka fi mantawa.

Ba soke bikin nake kira a yi ba, ba kuma rushe ƙungiyoyin ba, domin wanda aka hana shi taro a fili zai yi a ɓoye, kuma na ɓoyen ya fi ɗaci. Gyaran yana cikin makonnin da ke gaban ranar. A cire kofi. A raba lokaci daidai, a jefa ƙuri'a kan jerin hawa. A sa sharaɗin cewa kowace ƙungiya sai ta shigar da waɗanda ba nata ba cikin wasanta, yadda dole wani ya yi sati uku yana koya wa bare taka rawa da furta baiti, suna yi wa juna dariya, suna cin abinci tare bayan atisaye. A haɗa ƙungiyoyi biyu su gabatar da abu ɗaya, misali yadda kowannensu yake tarbar jariri ko sasanta ma'aurata, su gano da kansu inda suka haɗu da inda suka rabu. A bar wuri ga wanda asalinsa biyu ne, da wanda bai ga dama ya tsaya ƙarƙashin kowace tuta ba. Mafi muhimmanci, a nesanta bikin daga kakar zaɓe, kada a raba kujerun ƙungiyar ɗalibai da sunan rumfuna.

Akwai inda tsohon tsarin ya rayu ta wannan hanya. A Jami'ar Uppsala ta Suwidin har yau akwai al'ummai 13 na ɗalibai, kowace da sunan wani yanki na ƙasar, wasu tun ƙarni na 17. A da yankin da ka fito shi ke yanke wadda za ka shiga, kuma shigar dole ce har zuwa 2010. Yanzu ɗalibin da ya zo daga wata nahiya yana iya zaɓar wadda ta kwanta masa a rai. Sun riƙe sunayensu da waƙoƙinsu da bukukuwansu na shekara, suna gudanar da gidajen kwana da ɗakunan karatu da tallafin karatu, kuma ɗalibai ne da kansu suke yawancin aikin. Wanda ke rera waƙar wani lardin arewacin Suwidin a daren biki zai iya kasancewa bai taɓa taka lardin ba, wata uku ke nan da saukarsa daga jirgi.